Na kwance injin babur ɗin mahaifinmu, sai Yaya ya ce ai gado ne

Assalamu alaikum Kawu. Ni tela ne a Jos, shekarata 34, ina da mata da yaro ɗaya, ga wani a hanya nan da wata uku in Allah ya yarda. Shekara biyu ke nan da rasuwar Babanmu, ya bar mata biyu da mu 'ya'ya tara, ƙananan biyu ba su balaga ba. An raba gida da fili ba a ji kanmu ba. Abin da ba wanda ya ko kalla shi ne tsohon babur ɗinsa, Honda CD175, wanda ya saya da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka biya ma'aikata a 1975, ya fi shekara 20 a jingine a ɗakin shirgi. A kan tankinsa yake ɗora ni zuwa Islamiyya. Bayan babbar sallah na fito da shi na kai wa wani yaro bakanike. Injin ya kafe, ya yi ta dukan kik har ya gaji, sannan ya kwance shi, ya cinye kan sukurori da yawa, yanzu kayan suna cikin buhu. Na kashe wajen naira 180,000. Yaron ya ce in manta da wannan inji a ɗora na Caina. Ni kuwa burina in tayar da shi, in yanke bayansa, in sauya sit da salansa irin na waɗanda nake gani a YouTube. Da na faɗa wa Hajiyarmu haka sai ta yi shiru, ta tashi ta shige ɗaki. Yanzu wani mai tara tsofaffin babura daga Abuja ya taya, sai Yayanmu ya ce ai gado ne, a sayar a raba. Mun yi cacar baki har na faɗi maganar da ba ta dace ba. Maiɗakina kuma ta ce kuɗin haihuwa nake zubawa a gwangwan. Kawu, ni ne ba ni da gaskiya? Yaya zan yi?

Wani tela, daga Jos

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ya sauki iyalinka lafiya.

Wasiƙarka ta mayar da ni baya. Na ga zamanin Udoji da idona. A farkon 1975, lokacin Janar Gowon, Jos tana hedkwatar Jihar Benuwe-Filato, aka biya ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, sai ka ga malamin da jiya yake taka keken Raleigh yau ya shigo unguwa a kan Honda, yara na bin sa a guje. Mutumin da ya sayi babur a wannan shekarar kuma ya ƙi rabuwa da shi har ya koma ga Mahaliccinsa, ba don ƙarfen ya ajiye shi ba. Don haka ba zan yi maka dariya ba, kuma ba zan ce gwangwan ne ba. Sai dai ka tambaye ni ko kai ne ba ka da gaskiya, kuma tunda ka kira ni Kawu ba zan rufe ka ba: a wuri ɗaya, eh, kai ne.

Babur ɗin nan ba naka ba ne tukuna. Mantuwar da aka yi da shi ranar rabo ba ta fitar da shi daga dukiyar mamaci ba. Ko tsintsiya mutum ya bari, magada na da haƙƙi a cikinta. Iyayenku mata biyu suna da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, su raba tsakaninsu, sauran kuma naku ne ku tara, namiji ya ɗauki rabon mata biyu kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Ka ɗauki abin mutum goma sha ɗaya ka kai gareji ba ka shawarci kowa ba. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, amma niyya ba ta mayar da kayan tarayya na mutum ɗaya.

Na fahimci abin da ke ci maka rai game da Yayanku. Shekara 20 ɓera na haihuwa a ƙarƙashin sit bai ce uffan ba, sai da baƙo ya taya sannan ya tuna da gado. Da zafi. Amma ka tsaya a inda yake tsaye na minti ɗaya. Shi ne uba a gidan yanzu. Idan ya bar ka ka riƙe babur ɗin haka kawai, gobe ɗaya ɗakin za a ce 'yan ɗakin Hajiya sun cinye na marayu, kuma a fuskarsa za a faɗa, ba a taka ba. Ko da kwaɗayin kuɗin ne ya motsa shi, maganar da ya faɗa daidai ce. Ka je har gida ka ba shi haƙuri a kan kalmar da ta kuɓuce maka, kada ka haɗa ban haƙurin da wani sharaɗi, kuma kada ka tura ta waya. Ranar ba ranar maganar babur ba ce.

Bayan kwana biyu sai ka koma masa da wannan: kana so ka sayi babur ɗin daga hannun magada. Ku nemi malamin da ya raba muku gadon farko ya zauna da ku. A samu mutum biyu ko uku da suka san tsofaffin babura su yi masa kuɗi, a kuma sa tayin mutumin Abuja a kan faifai kowa ya ji, kada ka ɓoye shi don farashi ya sauka. In an tsayar da ƙima, a cire kasonka, ka biya saura. Manyan 'yan'uwanka duk wanda ya ga dama yana iya yafe maka nasa, kuma ina zaton za ka sha mamakin yawan waɗanda za su yafe idan an tambaye su da ladabi, don yawanci raini ne ke sa mutum ya kafe a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma ƙananan nan biyu, ba mai yafe nasu, ko mahaifiyarsu. Nasu za ka fara biya, cif, a gaban shaidu. In kuɗin ba su samu a dunƙule ba ka nemi a yanka maka biya wata-wata, a rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Kuɗin da ka riga ka kashe kuwa ka bar wa malam ya duba matsayinsu. Shawarata, kada ka tsaya a kansu. Mafi yawa sun tafi ne a aikin da bai ƙara wa babur ɗin komai ba, kuma ba wanda ya aike ka.

Maiɗakinka ba da babur take faɗa ba. Mace mai cikin wata shida tana lissafin awo, da kayan jariri, da ragon suna, da abin da ba a fata idan haihuwa ta zo da gardama. Tana ganin kuɗi na fita ba ta ga iyakarsu ba. Ka nuna mata iyakar. Ka ware kuɗin haihuwa da na suna tun yanzu, ka damƙa mata ko ka sa a asusun da ba ka taɓawa, ka ce mata daga yau har a yi suna ko kwabo ba zai shiga babur ba. Bayan nan ka yanka wa aikin wani abu ƙayyadadde a wata, daga ribar ɗinki, ta san adadinsa. Abin da ya jira shekara 20 zai iya jiran wata huɗu. Kai tela ne, ka fi ni sanin cewa kasuwarka tana da lokacinta. Ɗinkin sallah shi zai ɗauki nauyin manyan kaya.

Shirun Hajiya kuwa amsa ce cikakkiya. A bayan babur ɗin nan ta zauna tana amarya, ko tana goyo, a wurin nan da kake son kai wa mai walda ya yanke. Ba ta hana ka ba don ba ta son ta zama mai karya maka gwiwa, amma ka ji abin da ba ta faɗa ba. Kuma ko a bar maganar zuciya, lissafi ma yana bayanta. Me ya taso mutum tun daga Abuja? Shasin da ba a taɓa ba, da lambar inji ta asali, da tanki da madgad da murfin sarƙa na kamfani. Ranar da zarto ya hau ƙarfen nan, darajar da ya zo nema ta tafi, kuma ba walda da za ta dawo da ita. Waɗanda kake kallo a YouTube galibi suna yanka babura ne da suke da irinsu birjik a ƙasarsu. Kai guda ɗaya gare ka, kuma na ubanka ne. Ƙa'idar da zan ba ka ita ce duk abin da za a kwance da sifana a mayar da sifana, ka yi son ranka. Ka sa a ɗinka maka sabon sit a kan wani faranti daban, ka sauya kan mashin, ka sauya madubi, ka ajiye na asali a kwali. Duk abin da sai an yanka ko an huda, ka bar shi. In hannunka na ƙaiƙayin yanka, ka sayi mataccen babur na zamani a wajen 'yan gwangwan ka yi gwaninta a kansa.

To, mu zo ga buhu.

Ka karɓo kayanka daga wajen yaron nan cikin mutunci, ba tare da faɗa ba. Ba mugu ba ne, bai san injin ba ne. Ya tashi ya tarar da babura masu silinda ɗaya da wutar CDI, wato ɗan akwatin lantarki mai ba fulogi wuta, waɗanda in abu ya lalace sai a cire a jefar a sa sabo. CD175 wata duniya ce. Honda ta ƙera shi daga 1967 zuwa 1979, silinda biyu ne masu cc 174 a haɗe, fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, kafireto ɗaya ke ciyar da su, giya huɗu, wutarsa volt 6 ce, kuma da kwantak da kwandensa yake ba fulogi wuta. Injin da ya kafe ba a dukan kik ɗinsa. Fulogi ake cirewa a zuba gas ko kananzir da ɗan baƙin mai a ramin, a bar shi kwanaki yana jiƙa, ana ɗan jijjiga shi gaba da baya. Sukurorin da ya cinye ma da dalili: kan sukurun Japan na wancan zamani ya yi kama da na sukudireba mai kuros da aka saba, amma yankansu ba ɗaya ba ne, shi ya sa ake kwance su da irin sukudireban da ake buga wa guduma. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka shiga Dilimi da Farin Gada ka yi ta tambaya, wane ne ya yi gyaran Honda mai silinda biyu a da? Za a nuna maka wani dattijo, watakila ma ya daina aiki yana zaune a benci yana ba yara umarni. Shi kake nema. Ka gwada shi da tambaya ɗaya: ina matatar baƙin man wannan inji take? In ya ce babu, ko ya fara neman ta takarda, ka yi masa sallama.

Ga dalilin tambayar. Injin nan ba shi da matatar mai ta takarda. Matatarsa wani ɗan kofi ne a bakin karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji, ta ɓangaren dama, yana juyawa da gudu yana wurga dattin mai jikin bangonsa. Shekara da shekaru in ba a buɗe an kankare ba, dattin yakan daskare kamar yumɓu, mai ya daina isa sama. A sama kuwa kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, a kan alminiyom yake juyawa kai tsaye, ba boris, man ne kaɗai tsakaninsu. Minti kaɗan ba mai, ya ci wurin zamansa. Injinan nan sukan mutu ta nan, kuma da yawa bayan an gama yi musu gyara mai tsada ne, don an sa sabon fistin an manta da kofin. A wanke shi, a busa duk hanyoyin mai da iska, a duba famfon mai.

Kafin ka sayi ko wanne kaya, a wanke komai da kananzir, a shimfiɗa a kan tebur, a auna. Nan ne kuɗi ke tsira. Faɗin silindarsa na asali milimita 52 ne. In tsatsa ta ci bangon ko ya yi zurfin karce, sai a kai wa mai tana, wato mai injin yankan ƙarfe, ya ƙara faɗin, kuma fistin na ƙari yana zuwa mataki-mataki: 0.25, 0.50, 0.75, har 1.00. Ka duba kan tsohon fistin, in akwai lamba to an taɓa yi a zamanin Baba. Kada ka yarda a tsallaka zuwa na ƙarshe don wai ƙarin ƙarfi, ƙarfin da za ka samu ba ka ma ji a jikinka, amma ka cinye wa injin sauran rayukansa. A hau mataki mafi kusa da zai share lahanin. Kuma fistin ake fara saya a kai wa mai tana ya yanka daidai da shi, ba a yanka sannan a shiga kasuwa neman wanda zai shiga. Abin da zai yanke hukunci shi ne karanshaf. A kama kowane kwanrod, wato ƙarfen da ya haɗa fistin da karanshaf, a ja sama a danna ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in yana ƙwas-ƙwas sama da ƙasa, ko tsatsa ta shiga boris ɗinsa saboda dukan da ya sha da ruwan da ya kwana a ciki, to aikin ya girma, domin irin wannan karanshaf da injin matsa ake haɗa shi, ba a kwance shi da sifana. A nan mafita mafi sauƙi ita ce a nemo wani mataccen CD175 a ciro nasa. Tsofaffin bakanikai sun san zauren da irinsu ke kwance.

Zobban fistin, da gasket, da sil, da sarƙar tayimin, waɗannan sababbi za a sa ba ciniki. Bawul a goge su su zauna daram, a bar musu tazarar milimita 0.05 inji na sanyi, kwantak kuma 0.3 zuwa 0.4, da ma'auni ba da ido ba. Ka yi hattara da mai shagon da zai miƙo maka kayan Roadmaster ya ce duk ɗaya ne. Roadmaster ɗin, wato CD185 da CD200, daga baya suka zo, sun yi kama a ido, amma injinsu daban ne. Kullum ka tafi kasuwa da tsohon kayan a aljihu. Abin da Jos ta rasa, 'yan kasuwar da ke sari daga Nnewi suna iya nemo maka, wasu kuma har yau ana samunsu ta intanet daga Tailan da Japan da Ingila, sai dai canjin dala zai sa ka yi tunani sau biyu.

Maganar injin Caina, ban ce haramun ba ne. Zai tashi da bugu ɗaya, kayansa na ko'ina. Amma sai an yanka wurin zaman inji an yi walda, lambar da ke takarda ta saɓa da wadda ke jikin ƙarfe, ka jawo wa kanka dogon bayani a gaban 'yan sanda da VIO. Sannan ka tambayi kanka me ka fito nema. Abin da kunnenka ke kewa shi ne sautin silinda biyun nan idan Baba ya karyo kwanar layinku. Injin Caina ba shi da wannan sautin. In abin hawa kake buƙata, sayen na zamani kacokan ya fi maka araha.

Salansa da matatar iska ma kada ka ɗauke su ado. Da ka buɗe salansa ko ka cire akwatin iska, iska ta fi fetur yawa a cikin silinda, inji ya ɗau zafi, bawul ya ƙone, wani lokaci fistin ya huje. Sai an sauya jet na kafireto, wato ƙaramar kafar da fetur ke bi, an daidaita. Ga kuma abin da ya shafe ku 'yan Jos: garinku yana sama da teku da wajen mita 1,200, iskarku ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka inji yakan ɗan sha mai fiye da kima, ƙarfinsa ya ɗan ragu. Wani bakanike zai rage mai sosai har ya ji injin ya washe a cikin gari, ranar da ka gangara Hawan Kibo ka nufi Akwanga sai man ya yi masa kaɗan. Fulogi ne zai gaya maka gaskiya: baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat ya yi kaɗan kuma shi ne mai haɗari, ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so. Gyaran zamani da zan sa maka albarka a kansa shi ne na wuta, a mayar da ita volt 12 don fitila ta haska hanya da gaske, tunda ana iya mayarwa yadda take.

In ya tashi, baƙin mai na babur za ka zuba, wajen lita ɗaya da rabi, ba na mota ba, domin kulocinsa a cikin man yake wanka kuma wasu mayukan mota suna sa shi santsi. Kilomita 500 na farko ka lallaɓa shi, ka juye mai da wuri. Taya da tiyub da takalmin birki da wayoyin birki duk ka sauya ko da sun yi kyau a ido, roba mai shekara 20 ba abin amana ba ce. Ka sabunta takardu da lamba da sunanka, ka haɗa da takardar yarjejeniyar magada, ka sa hular kwano. Ka san an daɗe da dokar hana acaɓa a Jos da Bukuru, don haka ka leƙa ofishin VIO ka ji ƙa'idar babur na kai kafin ka fito titi, kada ranar farko ta ƙare a bayan motar kamu.

Akwai kuma yiwuwar da ba za ka so ji ba. Watakila a auna a ga karanshaf da kan silinda duk sun tafi, ko ƙimar da za a yanka ta fi ƙarfin aljihunka. In haka ta faru kana da hanya biyu, kuma ba wadda take abin kunya. Ko ka biya magada, ka haɗa shi ya tsaya a tsaftace ko ba ya tashi, ka ci gaba da neman kaya a hankali ko shekara nawa za a ɗauka. Ko ku sayar wa mutumin Abuja da yardar kowa, tunda mai tarawa adanawa zai yi ba narkarwa ba, ka roƙi 'yan'uwa su bar maka makullin da tsohon rasit, ku yi wa Baba sadaka da wani abu daga kuɗin manya. Kafin a kai ga ko wacce, ka zauna da Hajiya ku biyu, ka ce mata ka fasa yankan, sannan ka tambaye ta yadda aka yi ranar da Baba ya shigo da shi gida. Ka bar ta ta yi magana.

Yau da dare kuma, tun kafin ka je wajen Yaya, ka zazzage buhun nan. Sanyin Jos da raɓarta ba sa raga wa ƙarfen da aka tuɓe. Ka shafe silinda da karanshaf da kamshaf da baƙin mai, ka naɗe kowanne a tsumma, ƙananan kaya ka zuba a gwangwanayen madara ka rubuta daga inda kowanne ya fito, ka ɗora a kan katako nesa da siminti. Ƙyallaye dai ba sai ka saya ba. Ka gaishe mini da Hajiya da maiɗakinka, in an sauka lafiya ka rubuto ka gaya mini abin da aka samu, da abin da ma'auni ya ce game da karanshaf.

Kawunka